Babi na Shida: Mutumin da ke Cikin Fatar Kura

Babu kura a dajin da ya kewaye Yawunde. Ƙasar Ewondo ƙasa ce ta kurmi da tsaunuka da ruwan sama, kura kuwa dabbar fili ce, sai an haura arewa wajen Binuwai da Faro da Waza ake jin kukanta da dare. Amma duk wanda ya san Briqueterie, unguwar da mazaunanta ke taƙaita sunanta su ce Birik, ko ya san tudun Tsinga da ke jikinta, ya san kura na nan da ranta a bakin mutane. Da ita ake tsorata yaron da ya ƙi barci, da ita ake kwatanta wanda aka ba amana ya cinye. Fatake ne suka zo da ita. Tun zamanin Jamus, wadda ta kafa sansaninta a Yawunde a 1889, Hausawa masu neman hauren giwa da goro suka riƙa gangarowa kudu, daga baya zamansu ya tabbata a Ekoudou, inda Jamusawa suka taɓa gasa tubalin gini. Fulani da Barebari da Bamun da mutanen Nijar da Mali suka biyo baya, balle da jirgin ƙasa ya haɗa Ngaundere da Yawunde a 1974. Kowa ya zo da kayan sana'arsa, ya kuma zo da abin da ke ba shi tsoro, a cikinsa har da tsohon labarin mutumin da ke rikiɗa ya zama kura idan dare ya raba. Abin da wannan babi ke son tabbatarwa shi ne, irin wannan labari, ko na kurarmu ko na kyarkecin Turawa, hanya ce ta faɗin ciwon da baki ya kasa faɗa, kuma ana gane darajarsa ne ta yadda ya ƙare da wanda ya rikiɗe: kashe shi aka yi, ko kuwa an samu wanda ya dawo da shi cikin mutane.

Sai an fara duba yadda firgici ke yi wa mutum kafin a gane dalilin da ya sa wannan siffa ta dace da shi. Likitocin ƙwaƙwalwa a Amurka ba su sanya ciwon da ke biyo bayan mummunan tashin hankali cikin littafin cututtukansu da sunansa na yanzu ba sai a 1980, bayan sun daɗe suna fama da sojojin da suka dawo daga Vietnam. Abin da suka lissafa kuwa Bahaushe ya riga ya san shi tun da ya ce wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Mutum zai wuni lafiya lau, yana ɗinki ko yana juya tsire a bakin titi, amma da dare ya yi sai barci ya gagara. Ƙarar tayar mota da ta fashe ko warin wani abu da ke ƙonewa na iya mayar da shi ranar da abin ya faru kamar yanzu ake yi. Zai daka wa matarsa tsawa ko ya ɗaga wa ɗansa hannu a kan abin da bai taka kara ya karya ba, da safe kuma kunya ta rufe shi, ya rasa wanda ya aikata abin da daddare. A cikin al'ummar da ta ɗauki kunya da haƙuri da kawaici a matsayin cikar mutum, irin wannan bawan Allah ba shi da inda zai sauke kayansa. In ya buɗe baki za a ce masa sai haƙuri, wanda gaskiya ne, amma sau da yawa kalmar kan rufe zancen tun bai fara ba. To, duba labarin mai rikiɗa. Da rana mutum ne kamar kowa, dare ke canza shi, ba da son ransa ba, waɗanda ya fi cutarwa su ne na kusa da shi, da asuba kuma ya farka da jini a hannu bai san inda ya kwana ba. Da wuya a samu wani ƙagaggen labari da ya zana wannan hali daidai haka.

Tarihin waɗanda suka rubuta manyan labaran kyarkeci a Turai da Amurka na goyon bayan wannan fahimta. Fim ɗin The Wolf Man na 1941, wanda daga gare shi ne mafi yawan abin da duniya ta sani a yau game da mai rikiɗa ya yaɗu, Curt Siodmak ne ya rubuta shi, Bayahude ɗan Jamus da ya gudu daga ƙasarsa a 1933 bayan Hitler ya hau mulki. Gwarzon fim ɗin, Larry Talbot, bai nemi tsafi ba, bai yi wa kowa laifi ba. Ya je ceton wata mata ne kyarkeci ya cije shi, daga nan ƙaddarar ta hau kansa, har mahaifinsa ya kashe shi da sanda mai kan azurfa bai san ɗansa yake duka ba. Siodmak da kansa ya bayyana daga baya cewa halin da ya tsinci kansa a Jamus, na ƙaddarar da bai zaɓa ba, shi ya zuba a labarin. Shekara takwas kafin fim ɗin, Guy Endore ya fitar da littafinsa The Werewolf of Paris, inda yaron da ke rikiɗa ɗan fyaɗe ne, wani limamin coci ya yi wa uwarsa tana yarinya. Endore ya girmar da yaron har zuwa kisan gillar da aka yi a Paris a watan Mayun 1871, ya bar mai karatu ya auna ɗan abin da dodon ya kashe da dubban da sojojin gwamnati suka harbe cikin mako guda. A fim ɗin John Landis na 1981 kuwa, samari biyu Amurkawa ne dabbar ta afka wa a dajin Ingila, ɗaya ya mutu, ɗaya ya farka a asibiti. Kowa na gaya masa wani mahaukaci ne ya kai musu hari, ba wanda ya yarda da abin da ya gani da idonsa, ga mugayen mafarkai, ga gawar abokinsa tana zuwar masa tana ƙara ruɓewa. Wanda ya taɓa zama da mutumin da ya tsira daga harin da ya ci abokin tafiyarsa zai gane wannan nauyi na tambayar me ya sa ni na rayu.

Sai dai duk waɗannan ukun da mutuwa suka ƙare, kuma in da nan abin ya tsaya da sai a ce labarin mai rikiɗa ya iya zana ciwo amma bai san magani ba. Wanda ya san maganin ya girme su da kusan shekara ɗari takwas. A ƙarni na 12 wata marubuciya da ake kira Marie de France ta rubuta labarin Bisclavret, wani jarumin fada da ke ɓacewa kwana uku a kowane mako. Matarsa ta matsa masa har ya gaya mata asirinsa: yana shiga daji ya tuɓe ya zama kyarkeci, kuma in bai samu tufafinsa ba ba zai koma mutum ba. Tsoro ya kama ta, ta sa wani mai son ta ya sace kayan, mijin ya maƙale a jikin dabba. Bayan shekara sarki ya fita farauta, karnuka suka rutsa da kyarkecin, sai ya ruga wajen sarki ya kama ƙafarsa kamar mai neman afuwa. Sarki ya ce wannan dabba da hankali, ya tafi da shi fada, ya zauna ba ya cutar da kowa, har ranar da ya ga mutumin da ya sace masa kaya, daga baya kuma ya ga matar, ya afka musu. Nan fadawa suka so hallaka shi, amma wani dattijo mai hikima ya tsaya ya ce dabbar da ta daɗe cikinmu ba ta taɓa kowa ba, in ta tashi wa mutum biyu kaɗai, akwai dalili, a bincika. Aka bincika, gaskiya ta fito, aka kawo tufafin. Abin da ya biyo baya shi ne wurin da labarin ya fi ratsa zuciya. Da aka ajiye masa kayan a gaban jama'a ko kallon su bai yi ba. Dattijon nan ya sake cewa kunya ce, a kai shi ɗaki a rufe a bar shi shi kaɗai. Da sarki ya koma ya tarar da jaruminsa yana barci a siffar mutum. Ba na ɓoye cewa labarin ya yi wa matar tsanani, don an azabtar da ita kafin ta yi magana, alhali tsoron da ta ji tsoro ne na gaskiya. Duk da haka, a duba matakan da aka bi: an ba shi wurin da ba za a farauce shi ba, an tambayi abin da ya same shi maimakon a hukunta haushinsa, sannan an rufa masa asiri lokacin dawowarsa. Likitar ƙwaƙwalwa Judith Herman ta jami'ar Harvard, a littafinta na 1992 kan warkewa daga firgici, matakai uku ta kawo: samun aminci, sannan tuna abin da ya faru da yin makokinsa, sannan komawa cikin jama'a. Tsohon labarin ya riga ta zuwa wurin.

Tamu taskar ba ta gaza wannan ba, in dai za a karanta ta da idon basira. Frank Edgar ya tattara ɗaruruwan tatsuniyoyin Hausa ya buga tsakanin 1911 da 1913, Tremearne ya fitar da nasa a 1913, kuma rikiɗa na ko'ina a cikinsu. Barebari ma suna da labaran mutanen da ke zama kura, har da garin da aka ce duk mazaunansa haka suke. A cikin dukan waɗannan, tatsuniyar da ta fi dacewa da zancenmu ita ce ta budurwar da ta rantse ba za ta auri mai tabo ba. Labari ne da ya game Afirka ta Yamma, har masana biyu, Veronika Görög-Karady da Christiane Seydou, suka haɗa littafi guda a kansa a 2001. Samarin gari suka zo ɗaya bayan ɗaya, kowa aka duba sai an samu inda ƙaya ta taɓa soke shi ko lauje ya yanke shi, ta kore su. Sai wani baƙo ya iso, kyakkyawa, jikinsa sumul ba ko ƙwarzane. A wani ƙaulin maciji ne, a wani Dodo ne, a wani kura ce ta rikiɗe. Aka ɗaura aure, ya ɗauke ta, suna tafiya gari na nisa, har ta gane gidan mijinta rami ne a tsakiyar daji. An saba fassara tatsuniyar da cewa jan kunne ne ga yarinya mai ruwan ido, kuma lalle wannan darasin na nan a samanta. Amma a ƙarƙashinsa akwai wani da ya fi shi zurfi. Tatsuniyar ta yanke hukunci cewa tabo shaidar mutuntaka ne, duk ɗan Adam da ya rayu cikin mutane ya yi noma ya yi faɗa ya yi jinya yana ɗauke da nasa, wanda ba shi da ko ɗaya shi ne abin gudu. Wannan kishiyar abin da muke yi ne a zahiri, inda muke guje wa mai rauni mu rungumi wanda ya iya ɓoyewa. Sannan a lura da wanda ke ceton amaryar. Ba jarumi ba ne mai takobi. Ƙanwarta ce ko ƙanenta, ƙaramin da ta kora ta ce ya koma gida ya ƙi, shi ne ke kwana ido biyu yana sauraron abin da mijin ke shiryawa, yana jan shi da magana har gari ya waye, har hanyar gudu ta samu. Juriya a nan ba ƙarfin zuciyar mutum ɗaya ba ce. Wani ne ya ƙi barin ka kai kaɗai a daren.

Musulmi ma ba baƙo ba ne ga labarin da aka ɗora wa dabba laifin mutum. A ƙissar Annabi Yusufu, tsira da aminci su tabbata a gare shi, 'yan'uwansa ne suka jefa shi rijiya, suka dawo da riga mai jinin ƙarya suka ce kyarkeci ya cinye shi. Dabbar ba ta taɓa kowa ba, cutar daga cikin gida ta fito. Kuma Alƙur'ani bai ɓoye abin da baƙin ciki ya yi wa jikin Annabi Yaƙubu ba, har idanunsa suka yi fari, alhali shi ne abin koyi wajen kyakkyawan haƙuri. Wanda ya fahimci wannan ba zai ƙara ɗaukar haƙuri da rashin nuna ciwo a matsayin abu ɗaya ba.

Me ya sa wannan zance ya shafi Birik da Tsinga musamman? Saboda abin da ya shigo unguwannin nan daga 2013 zuwa yau ya wuce kayan fatauci. Daga watan Disambar 2013 Musulmin Bangi da na yammacin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya suka riƙa tserewa daga 'yan anti-balaka, dubbai suka ƙetaro ta Garwa-Bulai, wasu suka zauna a sansanonin gabas, wasu suka gangaro wajen dangi a Yawunde da Duwala. Daga arewa mai nisa kuma ga Boko Haram: an buɗe sansanin Minawao a 2013 saboda 'yan gudun hijirar Najeriya, an kai hari Kolofata a Yulin 2014, an yi kisan Fotokol a Fabrairun 2015, bama-bamai sun tashi a Marwa a Yulin shekarar. Unguwar da kowane ɗan arewa ke sauka in ya iso babban birni ba za ta rasa waɗanda suka ga waɗannan abubuwa da idonsu ba. Suna cikin sahu a babban masallacin Tsinga da Saudiyya ta gina aka buɗe a 1997, suna cikin masu tura baro a kasuwar Mokolo, suna cikin matan da ke aikatau a gidajen mutane. Mafi yawansu ba za su taɓa zama gaban likita su ba da labari ba. Tarihi kuwa ya nuna cewa mutanenmu kan nemi wata siffa su zuba tsoronsu a ciki idan magana ta gagara. A 1925 a yankin Filinge na Nijar, lokacin da mulkin Faransa ya tsananta, aka ga ɓullar iskokin da ake kira Hauka ko Babule, masu hawa mutum ya riƙa tafiya da tsawa irin ta kwamanda da soja. Hukuma ta ɗaure waɗanda iskokin ke hawa, abin bai mutu ba, har Jean Rouch ya ɗauke su a fim a wajen Akara a 1954, ya kuma nuna su washegari kowa ya koma bakin aikinsa. Ba sai mutum ya yarda da bori ba kafin ya ga abin da ke faruwa a nan, wato wanda aka firgita yana sanya rigar abin da ya firgita shi na ɗan lokaci don ya iya ɗaukar sa.

Akwai suka mai nauyi a kan duk abin da na faɗa, kuma ba ta kau da kai ba ce. Mai sukar zai ce labarin rikiɗa ya kashe mutane na gaske. A garin Bedburg na Jamus a 1589 an azabtar da wani manomi, Peter Stumpp, har ya amsa cewa yana zama kyarkeci, aka kashe shi tare da 'yarsa. A Habasha an daɗe ana jifan maƙera da Yahudawan ƙasar da zargin buda, wai suna zama kura su tone kabari. A wajenmu kowa ya san abin da kalmar maita ke yi wa gida, yadda tsohuwa marar gata ke kwana da mutuncinta ta tashi an ce tana da ƙanƙara a ciki ta kama kurwar yaro, yadda 'ya'yanta mata ke rasa miji. Maƙwabtanmu Beti suna da tasu aƙidar ta evu da ke zaune a cikin mutum, kuma dokar hukunta laifuka ta Kamaru, a sashe na 251, har yau tana tanadin ɗaurin shekara 2 zuwa 10 ga wanda aka kama da laifin maita. Mafi ciwo, rahoton da UNICEF da ƙungiyar International Alert suka fitar a 2016 game da matan da suka kuɓuta daga Boko Haram a Borno ya nuna ana kiran su annoba, 'ya'yan da suka haifa a daji kuma an kwatanta su da kuraye a cikin karnuka. Jariran da ba su san komai ba aka lulluɓa wa fatar kura. To, ta yaya za a ce irin wannan labari magani ne?

Amsar ita ce labari biyu ne masu kama da juna, bambancinsu yana wurin da mai ba da labarin ya tsaya. Jita-jitar maita daga waje take magana, da yatsa a miƙe: wancan ne, ku kama shi. Ba ta taɓa tambayar yadda wanda ake zargi ya kwana. Adabi kuwa, in ya amsa sunansa, yana shigar da mai karatu cikin fatar ne, ya ji tsoron faɗuwar rana tare da Larry Talbot, ya ji kunyar Bisclavret a gaban tufafinsa. Wanda ya yi sa'o'i yana kallon duniya ta idon wanda ake farauta, hannunsa zai yi nauyi ranar da aka ce a ɗauko dutse. Ita kanta Turai ba da daina ba da labarin kyarkeci ta bar ƙona mutane ba. A 1603 aka gurfanar da wani yaro makiyayi, Jean Grenier, a kotun Bordeaux, yana faɗa da bakinsa cewa yana rikiɗa. Alƙalan suka dubi ƙuruciyarsa da ƙarancin hankalinsa, suka ƙi kashe shi, suka tura shi gidan ibada ya ƙare rayuwarsa. Labarin bai canza ba, idon da ke kallon yaron ne ya canza. Siffar kura tana bakin mutanenmu ko marubuta sun taɓa ta ko ba su taɓa ba, kuma in masu tausayi suka ƙyale ta, masu jifa ne kaɗai za su ci gaba da amfani da ita.

Suka ta biyu daga wani ɓangaren take zuwa. Idan aka ce wanda aka ciza shi ke cizo, ba an wanke mai laifi ke nan ba? Mijin da ke dukan matarsa zai ce ba ni ba ne, abin da na gani ne. A Janairun 2014 BBC ta ruwaito labarin wani mutum a Bangi da ya jagoranci kashe wani Musulmi a titi har ya ci namansa, ya ce ramuwa ce don an kashe masa mata mai ciki. Rashin da ya yi gaskiya ne, kuma bai rage komai daga girman ta'asar da ya aikata ba, wanda aka kashe shi ma ɗan wasu ne. Kyawawan labaran rikiɗa ba su taɓa cewa jinin da aka zubar ba jini ba ne. Abin da suke nunawa shi ne yadda cuta ke bin jiki daga wanda aka zalunta zuwa wanda bai ji ba bai gani ba, kuma gwarzonsu na gaske shi ne wanda ya san abin da ke cikinsa ya nemi a kulle shi kafin dare, ya faɗa wa wani, ya nesanta kansa da yara. Wannan ɗaukar alhaki ne. Al'ummar da ke karɓar tubabbun Boko Haram, ko ta cibiyar Mora da Kamaru ta kafa bayan dokar Nuwambar 2018, ko ta sansanin Malam Sidi a Gombe, tana bukatar ta riƙe abu biyun tare, cewa mutum ya yi ɓarna kuma har yanzu mutum ne. Wa'azi kan faɗi wannan a jumla ɗaya, labari kuwa kan sa a zauna da shi har ya shiga jiki.

Malamin da zai ce wannan duk raya camfi ne yana da hujjarsa, don akwai masu fita daga kallon fim su ƙara yarda cewa maƙwabciyarsu na tashi da dare. Amma yaron da kakarsa ta ce masa ga ta nan ga ta nanku ya san an shiga wata duniya, ya kuma san an fito da aka ce ƙurunƙus. Haɗarin yana wurin labarin da ba shi da wannan ƙofa, wanda ake rantsuwa a kansa a majalisa ana kiran sunan mutum. Haka nan ba wanda ke cewa littafi zai maye gurbin addu'a ko likita. Wanda barci ya ƙaurace wa watanni, ko yake jin muryoyi, ko tunanin kashe kansa ke zuwar masa, wurinsa asibiti, kuma a Yawunde asibitin Jamot na da sashen masu wannan lalura. Aikin labari ya fi wannan ƙanƙanta, amma shi ke zuwa da farko: ya sa matar gida ta gane cewa mijinta bai tsane ta ba kuma ba jifa aka yi masa ba, ya sa mai ciwon ya ji an taɓa yin irinsa, ya rage kunyar da ke hana mutum taka ƙofar asibitin.

Marubutan Hausa sun riga sun nuna ba sa tsoron taɓa wurin da ke ciwo. Balaraba Ramat Yakubu da takwarorinta na Kano sun fito da auren dole da wulaƙancin gidan miji fili tun shekarun 1980, aka zage su, aka kuma karanta su. Abin da ya rage shi ne a yi wa firgicin yaƙi da gudun hijira irin wannan hidima, kuma labarin ban tsoro na iya isa inda labarin soyayya ba zai kai ba, don yana ba mai karatu damar kallon abin ta gefe ba tare da an kira sunan garinsu ba. Matasan Birik da Tsinga da ke rubutu a waya suna rabawa ta WhatsApp, masu jin Hausa da Fulatanci da Faransanci a lokaci guda, sun fi kowa kusa da wannan taska, ga kurar kakanninsu, ga damisar labaran kurmi, ga baƙin da ke kwana a zaurukan gidajensu. Kirana gare su shi ne su rubuta labarin daga bakin wanda ke rikiɗar, kada su sanya tsohuwa marar gata ko wata ƙabila a matsayin dodo, kuma su ba ƙanwar nan mai kwana ido biyu da dattijon fadar nan babban matsayi a ciki, domin irinsu ne unguwa ta fi bukata a yanzu.